Tsakanin Hadari da Kurciya

Tun ranar da Abba ya ce, "Ya gama gyaran gidan nasa tukuna, in je in ga inda zai ajiye mini 'ya, sannan mu yi magana," Auta ba ta sake samun barcin kirki ba.

Ba wai tana tsoron Malam zai gaza ba ne. Ta san halinsa, in ya sa abu a gaba ba ya waiwaye. Gwaggo ce ta hana ta sakat.

Gwaggo yayar Abba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta riƙe Auta da yayarta bayan rasuwar Ummansu, tun Auta ba ta iya ɗaura ɗankwali ba. Kuma Gwaggo tana da ɗa ɗaya tilo, mai sayar da motoci, mai gida hawa biyu da babu kowa a ciki sai maigadi da kifaye a akwatin gilashi. Tun Auta tana ƙarama Gwaggo ke kiran ta "'yata kuma surukata," ana dariya. Ranar da Auta ta gama karatun haɗa magunguna, ta kama aiki, ta kuma buɗe baki ta ce malamin lissafi na wata sakandare take so, ranar dariya ta ƙare.

"Malamin makaranta?" in ji Gwaggo. "Alli a hannu, alli a riga? Da me zai ciyar da ke, da tarawa ko da ɗebewa?"

Abba bai tilasta mata ba, ba halinsa ba ne. Amma yana jin nauyin yayarsa ƙwarai. Duk zuwan da Gwaggo za ta yi, in ta tafi sai Auta ta ga Abba zaune yana ta juya gilashinsa a hannu.

Shi kuwa Malam ya duƙufa. Yana tashi daga makaranta zai tuɓe rigar aiki ya nufi ɗan gidan nasa, falo da ɗaki biyu, wanda ya ce mata ya daɗe da ginawa kaɗan-kaɗan. Aka sa tayil, aka gyara famfo, aka canza ƙofar gaba.

"Saura fenti," ya ce mata a waya, muryarsa cike da murna. "Wannan kuma ba hurumina ba ne. Ke za ki zauna a ciki, ke za ki zaɓa."

Auta ta daɗe da sanin abin da take so. Yini take yi a tsaye a kantin magani, farin ƙwan lantarki a sama, fararen kantoci, farar riga a jikinta, har idonta ya gaji da fari. Launi take so mai sanyaya ido, shuɗi mai sirkin toka, irin na sama in ruwa ya kusa sauka.

Ranar Asabar da hantsi ya zo ya ɗauke su a motar abokinsa, ita da Yaya. Yaya ce babba, ta yi aure da 'ya'yanta, kuma ita kaɗai ce a gidan take bayan Malam a fili. Bakinta ba ya shiru.

Shagon fentin babba ne, gwangwanaye jere har rufi, warin fenti ya cika ko'ina, can ciki wani inji yana ta girgiza bokiti. A bayan kanta wata mace ce zaune, kanta sunkuye tana jera katunan kala. Za ta girmi Auta kaɗan. Ba ta yi kwalliya ba, kuma ba ta buƙata. Da ta ɗago ta ga wanda ya shigo, sai hannunta ya tsaya cak.

"Dogo?"

Auta ta waiwaya ta ga ko wani ne ya shigo bayansu. Babu kowa.

Malam ya shafa ƙeya. "Na'am. Kwana da yawa. Ya jikin Baba?"

"Da sauƙi. Ƙafar ce dai, shi ya sa nake zama masa a shagon." Ta dubi Auta, ta dubi Yaya, ta yi murmushi. "Sannunku da zuwa."

"Wannan ita ce…" Malam ya ɗan yi tari. "Ita zan aura, in Allah ya yarda. Wannan kuma yayarta."

"Masha Allah. Allah ya sa alheri."

Auta ta amsa da amin, amma kunnenta yana can kan kalma ɗaya. Dogo. Ita Malam take ce masa, ɗalibansa Malam, abokansa Malam. Ba ta taɓa jin wani mahaluƙi ya kira shi Dogo ba, ga shi kuma ya amsa kamar kullum da shi ake tashinsa daga barci.

Ta faɗi irin kalar da take so. 'Yar mai shagon ta baza katuna a kan kanta, ta yi ta ware wasu gefe, wannan ya cika shuɗi, wannan ya cika duhu, har suka rage biyu. A ƙasan kowanne an rubuta sunansa. Ɗaya Hadari, ɗaya Kurciya.

Yaya ta ɗaga su ta kanne ido ɗaya. "Ni dai wanda ya raɗa wa waɗannan suna ba shi da aikin yi. Ai kala ɗaya ce, tagwaye ne."

Ba ɗaya ba ne, Auta ta gani sarai. Hadari ya fi nutsewa, shuɗinsa a ciki yake kamar yana ɓuya. Kurciya ya fi haske, tokarsa mai laushi, da ɗan abin da ya so ya yi kore.

"Hadari," in ji Auta, ta ɗora yatsa a kai.

"Yana da kyau kam," in ji 'yar mai shagon a hankali. "Sai dai falon nan tagarsa gabas take kallo. Da safe zai yi miki daɗi, amma rana tana juyawa zai yi duhu. Kurciya ya fi riƙe haske." Ta ɗan yi dariya. "Kuma Dogo ba ya son ɗaki mai duhu, kansa ciwo yake."

Auta ta ɗauke yatsanta daga katin.

Ba wanda ya ambaci taga. Ba wanda ya ce gabas ko yamma. Ita kanta da ta taɓa leƙa gidan ba ta lura da inda tagar ke kallo ba. Yaya ta taka mata ƙafa ta ƙarƙashin kanta, alamar ta yi shiru.

Shi kuma bawan Allah, da bai san abin da ke tafasa a gefensa ba, sai ya ce, "To ko Kurciyar za a ba mu?"

Auta ta juyo ta dube shi. Kallon bai daɗe ba, amma sai da ya haɗiye yawu.

"Na zaci ka ce ni zan zaɓa."

"Ke ɗin ce mana. Kawai dai tunda ta san aikin…"

"Ai na ga alama. Ta san aikin, ta san falon, ta san ciwon kan."

'Yar mai shagon ta sunkuyar da kai tana daidaita katunan da suke a daidaice. Yaya ce ta ceci kowa.

"Kai, ku ba mu ƙananan gwangwani na kowanne, mu je mu shafa a bango mu gani. Fenti a kati kamar saurayi ne a hoto, sai an kai shi gida ake sanin gaskiyarsa."

Suka shiga mota suka nufi gidan. Auta ta kafe idonta a taga, katunan biyu a tafin hannunta har gefensu ya lanƙwashe.

Da suka isa, Malam ya naɗe hannun riga, ya buɗe gwangwanayen, ya shafa faffaɗan tabo biyu a farin bangon falo, kafaɗa da kafaɗa. Ya ja baya yana goge hannu, yana satar kallon ta.

"Sai ya bushe ake gane shi sosai," ya ce.

Auta ta juya baya. Ta bar su nan ta shige ɗakin kwana, don in ta tsaya hawayen da take dannewa zai tona mata asiri. Ɗakin fari ne tas, babu komai sai durowar kaya ta jikin bango. Haka kawai, don hannunta ya sami abin yi, ta ja murfin durowar.

Bangon da ke cikin durowar ba fari ba ne.

Mai shafa farin fenti ya bi ko'ina, ya manta da nan. Tsohon launi yana nan lafiya lau, ƙura kaɗai ta ɗan rufe shi. Shuɗi mai sirkin toka.

Ta goge ƙurar da gefen mayafinta. Ta kara katin Hadari. Ya fi shi duhu. Ta kara katin Kurciya.

Katin ya ɓace a jikin bangon, kamar daga nan aka yanko shi.

"Malam!"

Ita kanta ba ta gane muryarta ba. Ya shigo da sauri, buroshi a hannu, Yaya a bayansa. Yana ganin durowar a buɗe ya tsaya. Fenti ya ɗiga daga buroshin ya sauka a sabon tayil, bai ma sani ba.

"Wa ya zaɓi wannan kalar?"

"Auta…"

"Tambayarka na yi. Wa ya zaɓa?"

Ya sauke kai. "Ita ce."

Yaya ta ce, "Innalillahi," ta jingina da ƙofa.

"Wa ka gina wa gidan nan?"

"Ki bari in yi miki bayani. Tsohuwar magana ce, tun kafin in san ki. Unguwarmu ɗaya da su, tare muka taso. Na neme ta, mun yi nisa, har na gina gidan nan aka yi masa fenti. Babanta ya ce ba zai ba malamin makaranta ba, ya ba wani. Shi ke nan. Na sa aka shafe gidan da fari, na rufe shi, na daɗe ban ko bi ta layin ba. Sai da na haɗu da ke na sake buɗe ƙofar nan."

"Ka ce mini kaɗan-kaɗan ka gina."

"Kaɗan-kaɗan ɗin ne."

"Amma ba ka ce da wa a zuciyarka ba!" Hawayen ya ɓalle. "Tana ina yanzu, gidan mijin?"

Ya ajiye buroshin a ƙasa.

"Auren ya mutu," ya ce da ƙyar. "Ta dawo gida."

Auta ta yi wata dariya da ta fi kuka ciwo. "Ta dawo gida. Madalla. Kuma duk shagunan fentin da ke garin nan, ba ka ga na zuwa ba sai nasu. Ka san tana can ko ba ka sani ba?"

"Na ji an ce…"

"Ka sani ko ba ka sani ba?"

"Na sani."

"To me ya kai ka? Me ya kai ni?"

Da ƙarya zai yi da ya fi masa sauƙi, amma Malam bai iya ta ba, abin da ya sa ta so shi ke nan tun farko.

"Na so su gan ki," ya ce. "Ita da babanta. Na so su ga wanda suka raina ya sami wadda ta fi… Wallahi Auta, alfahari nake da ke. Ban yi tunanin zai zama haka ba."

"Alfahari." Ta share fuska da bayan hannu, wani hawayen ya biyo. "Ashe ni sabuwar riga ce, ka sa ka je ka wuce ta ƙofar gidansu. Malam, da ka manta da ita, da ba ka damu ta gani ko kar ta gani ba. Ni ban taɓa tunanin ko ɗan Gwaggo zai ji zafi in ya gan mu ba, don ba ya gabana. Kai kuwa har yau so kake ta ji zafi. Har yau tana nan."

"Ba ta nan, na rantse miki."

"Ga ta nan a cikin durowa! Nan zan rataye kayana, kullum in buɗe in gan ta. Tana nan a ƙarƙashin farin nan, ɗakin nan kaf, falon nan kaf. Kuma yau a gabana ta sake zaɓar kalarta, ka buɗe baki ka ce a ba mu."

"Wallahi ban gane ita ce ba! Ni duk ɗaya nake ganin su. Ki ɗora mini su yanzu, ba zan iya ce miki ga Hadari ga Kurciya ba."

Ta dube shi ta cikin hawaye.

"Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. In ba ka iya bambance su, ta yaya zan san kana bambance ni da ita?"

Yaya ta matso ta dafa ta.

"Ke Auta, ya isa haka. Wane namiji ne ba shi da jiya? Mijina kafin ni har waƙa ya rubuta wa wata, ga shi yanzu ko sunanta sai na tuna masa. Mutumin nan bai ɓoye miki da kika tambaya ba."

"Sai da na buɗe durowa, Yaya."

Ta ajiye katunan a bakin taga, ta gyara mayafi, ta fita. Ko motar ba ta yarda ta shiga ba. Yaya ta bi ta tana faɗa har bakin titi.

Kwanakin da suka biyo baya, Auta ta san abin da ake kira kishi. A da tana jin mata suna faɗa tana dariya. Yanzu ga shi ya zauna mata a ƙirji kamar garwashi, ba ya ci da wuta, ba ya mutuwa.

Ko'ina ta duba launin nan take gani. Kwalin maganin hawan jini, mayafin wata mai sayen magani, tantabarun da ke sauka a rufin maƙwabta. Tana ƙirga ƙwayoyi sai ta ji murya a kunnenta, a hankali, mai laushi: Dogo. Ta gwada faɗar sunan ita kaɗai a bayan kanta, ta ji bai zauna a bakinta ba, ta ƙara jin haushi. Ta tsaya gaban madubi tana auna hancinta da na wata. Ta tuna yadda matar ta san kansa yana ciwo a ɗaki mai duhu, ita kuwa da take sayar da maganin ciwon kai bai taɓa gaya mata ba.

Ya kira, ta ƙi ɗauka. Ya sake kira, ta kife wayar. Ya turo saƙo, ta karanta ta goge, ta dawo tana cizon yatsa don ta goge.

Sai kuma kiran ya tsaya.

Wannan ya fi komai ƙona ta. Da yana kira tana ƙi, ta san inda yake. Yanzu fa?

Wata ranar aiki da azahar ta ce wa abokiyar aikinta za ta je ta dawo. Ta gaya wa kanta iska za ta sha. Ƙafarta kuwa ta san inda za ta. Ta tsaya a tsallaken titi, a inuwar wani shagon ɗinki, tana hango shagon fenti.

Babur ɗinsa yana ƙofar.

Ta san shi ko a cikin dubu, da tsagaggen madubinsa na hagu. Ta cikin gilashin shagon ta hango shi tsaye a gaban kanta, dogo, ya ɗan ranƙwafa. Matar tana magana, yana sauraro. Ta miƙa masa wani abu a leda, ya karɓa. Ta sake cewa wani abu, ya gyaɗa kai a hankali, irin gyaɗawar da yake yi wa Auta in tana ba shi labari.

A lokacin da ya kamata yana aji.

Auta ba ta san yadda ta koma kanti ba. Ta ba wani tsoho canjin da ya wuce nasa, shi ya dawo mata da shi. Daren ranar da wanda ya biyo ta jira ko zai kira ya yi mata wata ƙarya ma, ta samu abin riƙewa. Shiru.

Ranar da abin ya faru, ta dawo daga aiki bayan la'asar ta tarar da takalman Gwaggo a ƙofar falon Abba. Ta so ta zame ta wuce ɗaki.

"'Yata, ba gaisuwa?"

Ta shiga ta durƙusa. Gwaggo ta kama haɓarta ta ɗaga fuskarta zuwa haske.

"Dubi idon yarinyar nan. Dubi wuyanta. Ɗan'uwana, kana gidan nan 'yarka take ƙarewa haka?" Ta juya ga Auta, muryarta ta yi laushi. "Na ji komai. Gari ba ya ɓoye magana. Gidan da aka gina wa wata, aka shafe da fari a kawo ki. Ni na goya ki a bayan nan, ban goya ki don ki zama ta cike gurbi ba. Ɗana tun kina rarrafe ke yake kallo, bai taɓa gina wa wata ko akurki ba. Gidansa yana nan, in kin so kowane ɗaki da kalarsa."

Ta cike gurbi. Kalmar ta shige Auta har ƙashi, don ita take ta faɗa wa kanta a ɓoye.

Abba ya cire gilashinsa. "Auta, dube ni. Gaskiya ne akwai matsala tsakaninku da malamin nan?"

Ta so ta ce babu. Sai ta ga babur a ƙofar shago. Ta ga kai yana gyaɗawa a hankali.

"Abba, na haƙura da shi."

"Kin haƙura, ko fushi kike?"

"Na haƙura."

"Kin san ni. Ban matsa miki ba, ba kuma zan matsa miki ba. Amma in na ba yayata magana, na ba ta ke nan. Ba na ba da abu in dawo in karɓa. Ki je ki kwana a kai."

"Wane kwana kuma?" in ji Gwaggo. "Yarinya ta faɗi abin da ke ranta."

Da Yaya tana nan da ta toshe mata baki. Yaya tana gidanta. Auta ta ji wani abu mai zafi yana tura ta, yana ce mata bari shi ma ya ji, bari ya ji a bakin mutane kamar yadda ta gani da idonta.

"Ba sai na kwana ba, Abba. Duk abin da kuka yanke da Gwaggo, na amince."

Abba ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya mayar da gilashinsa, ya juya ga yayarsa.

"To, Yaya. Na ba ɗanki."

Gwaggo ta rungume Auta tana sa albarka, hannu ɗaya kuma ya riga ya shiga jaka neman waya. "Yana nan kusa, shi ya kawo ni. Bari in ce ya zo ya gaida kawunsa."

Auta ta fito tsakar gida. Ta zaci za ta ji sanyi. Ba ta ji komai ba, kamar an kwashe kayan cikinta.

Aka ƙwanƙwasa ƙofar gida.

Ta je ta buɗe, don ba kowa kusa.

Da farko ba ta gane shi ba. Gashinsa fari, girarsa fari, rigarsa kamar an tsoma ta a gari. Idanunsa sun yi ja. Yatsunsa na dama an naɗe su da tsumma, jini ya ɓullo ta wurare ya bushe.

"Malam… me ya same ka?"

"Na kankare shi," ya ce, muryarsa a dishe. "Duka. Farin da abin da ke ƙarƙashinsa. Falo, ɗakuna, har bayan ƙofa. Durowar ma na ɓalle ta na fitar. Babu abin da ya rage sai siminti."

Ta riƙe ƙofar da hannu biyu.

"Na ɗauki hutu a makaranta. Ban kira ki ba, don na ga baki ba zai wanke ni ba, na ce sai na gama in zo. Na koma shagon nan sau ɗaya, na mayar musu da gwangwanayensu, na sayi ƙarfen kankara da samfefar goge bango. Na ba ta haƙuri don na shigo da ita cikin abin da ba ruwanta, na kuma gaya mata ba zan sake taka shagon ba. Ta ce in gaya miki kin fi ta ido, Hadarin ya fi kyau." Ya yi ɗan murmushi, leɓensa ya tsage. "Kin yi gaskiya, Auta. Girman kai ne ya kai ni, kuma ke na taka da shi. Amma tambayar da kika yi mini, na samo amsarta ina kankara. Da aka hana ni ita, fenti na saya na shafe, na ci gaba da rayuwa. Ke da kika juya mini baya, da farce na so in tone bangon."

Ya laluba aljihu da hannun hagu, ya fito da makulli, ya miƙo mata a tafin hannunsa mai ƙura.

"Ki zo ke da Yaya ku gani. Ki zaɓi duk kalar da kike so, a duk shagon da kike so. Ko ja kika ce, ja za a shafa. Gobe nake so in zo in ce wa Abba ya zo ya duba."

Auta ba ta karɓa ba. Hawaye kawai ke zuba, yana sauka a kan hannunta da ke riƙe da ƙofa.

"Kar ki yi kuka mana," ya ce a hankali. "Ya wuce."

Wata doguwar mota baƙa ta shawo kwanar layin, ta zo ta tsaya daf da bayan babur ɗinsa. Aka danna hon sau ɗaya, a taƙaice, irin na wanda ya san ana jiran sa.

Daga cikin gida muryar Gwaggo ta taso, cike da farin ciki, har maƙwabta suna iya ji.

"Auta! Ba ki ji hon ba ne? Buɗe wa angonki ƙofa da kyau, Abbanku yana jiran sa!"

Malam ya waiwaya ya dubi motar. Ya juyo ya dubi Auta. Hannunsa yana nan a miƙe, makullin a kai, bai janye ba.

"Auta," ya ce, "wane ango?"